Addu'ar Shiru a Kiristanci: Daga Hamadar Masar Zuwa Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya san majami'un ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ya san cewa ibadarsu ta ɗaga murya ce: waƙa da kiɗa da wa'azi, duk da Hausa. Wannan kan sa a zaci cewa kaɗaita da kame baki don ganawa da Ubangiji aikin sufayen Musulmi ne kaɗai, ko kuwa baƙon abu ne da Turawa suka ƙago. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin zato biyun nan ba. A Afirka aka haifi wannan ibada, sai dai ta yi dogon zagaye kafin ta iso ƙasar Hausa.

Asalinta

Tun ƙarshen ƙarni na 3 wasu Kiristocin Masar suka fara barin garuruwa suna shiga hamada. Mafi shahara cikinsu shi ne Antoniyos, wanda ya rasu a 356. Bayansa masu zuhudu suka cika Wadin Natrun da kewayensa, kowa da ɗan ɗakinsa. Hanyarsu ba ta da wuyar bayani, sai wuyar bi. Mutum zai zauna yana tufkar igiya ko saƙar kwando da ganyen dabino, yana maimaita gajeriyar aya daga Zabura, har harshe ya yi shiru, zuciya ta ci gaba.

Evagrius, wanda ya rasu a 399, shi ya tsara wannan ilmi a rubuce. Ya lissafa tunani takwas masu yaƙar mai addu'a: haɗamar abinci, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo da girman kai. A wurinsa, rufe baki somin-taɓi ne kawai; aikin shi ne a kakkaɓe waɗannan daga zuci.

Wajen 415 John Cassian ya kai wannan koyarwa Marsel ta ƙasar Faransa, daga rubuce-rubucensa kuma Benedikt ya ɗebo a ƙarni na 6, sa'ad da ya tsara wa gidajen zuhudun Turai doka. A gabas kuwa, masu zuhudun Dutsen Atos na Girka suka riƙi ambaton sunan Yesu tare da numfashi. Da aka soki hanyar, Gregory Palamas ya kāre ta, majalisun Kustantiniya na 1341 da 1351 suka ba shi gaskiya.

Dalilin Jinkirinta

Me ya hana ta isowa Kano da wuri? Amsar tana ga irin mutanen da suka kawo Kiristanci. Ƙungiyar SIM, wadda aka soma a 1893, ba ta sami sararin aiki sosai a lardin Kano ba sai a shekarun 1930, ta kuma shigo ne ta ƙofar magani, musamman jiyyar kutare da ta ido. Daga cikinta aka sami ECWA a 1954. Waɗannan 'yan mishan jikokin gyaran addinin ƙarni na 16 ne, wanda ya yi watsi da zuhudu; a Ingila ma tsakanin 1536 da 1540 aka rufe gidajensa ƙaf. Saboda haka abin da suka kai wa Maguzawa shi ne wa'azi da makaranta da littafin waƙoƙi.

Ta ɓangaren Katolika ne tsohuwar hanyar ta komo. Charles de Foucauld ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasat daga 1905, yana ibada da harhaɗa ƙamus, har aka kashe shi a 1916. Fada Cyprian Tansi, mutumin Aguleri, ya shiga gidan zuhudu a Ingila a 1950, ya rasu can a 1964. A 1979 aka kafa gidan mabiya Benedikt a Ewu, cikin Jihar Edo ta yanzu. Kano kuwa ta zama cikakkiyar diyosis a 1999. Bishop ɗinta na farko, Patrick Sheehan, da John Niyiring da ya gaje shi a 2008, duk 'yan ƙungiyar Agustin ne, wato malamin nan na Hippo ta ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya kuma koyar da cewa mai neman Allah ya fara komawa cikin zuciyarsa.

Kammalawa

A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe. Bahaushe Kirista da ke son bayyana wannan ibada ba ya rasa kalmomi: akwai halwa, da zuhudu, da tafakkuri, da natsuwa. Amma uku na farko daga Larabci suka zo ta hannun malaman Musulunci, kowace da nata kaya. Halwar Baƙadire ko Batijjane tana da shehi da wuridi da adadin kwanaki. Wanda ya ari kalmar ba tare da lura ba zai iya ɓata ma'anar ɓangarorin biyu. Aikin da ke gaban masu fassara da malaman majami'a shi ne su tantance abin da kowace kalma za ta iya ɗauka. Aikin da ke gaban ɗaliban ilmi kuwa shi ne su shiga ƙauyukan Ƙiru da Doguwa, su ji da wane suna dattawan majami'a ke kiran zaman shirun da mutum kan yi shi da Mahaliccinsa.