Tata, Tsohuwar Da Gidan Ɗantata Ke Amsa Sunanta

Da an ce Ɗantata, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne dukiya: dalar gyaɗa, unguwannin Ƙoƙi da Sarari, sai kuma Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce. Ba kasafai ake tambayar wace ce ita Tatar ba.

An haifi Alhassan Ɗantata, uban gidan, a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi falke ne daga cikin Agalawa, mutanen da asalinsu ya gangaro daga wajen Abzin, suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Kakan Alhassan, Baba Talatin, daga Katsina ya taso ya zauna a Madobi. A bisa al'adarmu, Alhassan ɗan Abdullahi ya kamata a riƙa ce masa, ko Alhassan na Bebeji.

Sai dai Abdullahi ya rasu Alhassan bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta ƙaura zuwa Ankara ta ƙasar Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta ci gaba da ɗawainiyarsu a Bebeji, har mutanen gari suka saba da cewa "ɗan Tata" in za su ambaci yaron. Sunan ya bi shi Gwanja, ya bi shi Ankara, ya dawo da shi Kano. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, da wannan suna Turawan kamfani suka san shi. A 1929, da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa lodin raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya.

Abin lura, Bahaushe bai gaji sunan dangi irin na Bature ba. Makarantar boko da takardun gwamnati ne suka tilasta wa mutane suna na biyu, aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, shi kansa Sardauna Ahmadu Raba ake ce masa a Kwalejin Katsina. Cikin wannan jeri na garuruwa da ubanni, gidan da ya fi kowane gida arziki a Kano sunan mace yake amsawa, macen ma ba ita ta haife su ba, ba kuma 'ya ba ce. A ganina wannan ya fi labarin raƙuman cancantar a riƙa faɗa.

Alhassan ya rasu ran 17 ga Agusta 1955 a Kano. Ɗansa Alhaji Aminu ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina, duniya ta yi ta ambaton sunan.

Masu bin salsalar gidajensu yawanci layin maza suke ƙirgawa, wane ya haifi wane. Idan kuna da sauran tsofaffi a gida, ku je ku tambaye su wa ya goya kakanku, wa ya riƙe shi, ku rubuta sunayen.