Tarihin Kare Mutuncin Yara: Daga Madina Zuwa Yamai

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa, da yawa daga cikinmu suna zaton dokar hana lalata da yara baƙuwa ce da Turawa suka kawo. To, mu waiwayi tarihi.

A Madina, shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu yana da kuyangi biyu, Musaika da Umaima, yana tilasta musu alfasha don ya ci kuɗin. Suka kai kuka wurin Annabi (SAW), sai aya ta 33 ta Suratun Nur ta sauka. Ta haramta wannan ciniki, ta kuma yi wa wadda aka tilasta bushara da gafara. Imamu Muslim ya ruwaito labarin daga Jabir.

A zamanin Sayyidina Umar, wani bawa ya yi wa wata baiwa fin ƙarfi. Umar ya yi masa bulala, ya kore shi daga gari, ita kuwa bai taɓa ta ba. Daga baya Abdulmalik ɗan Marwan ya ɗora wa mai fyaɗe biyan sadakin wadda ya zalunta. Duka biyun suna cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu. Ƙa'idar a fili take: laifi yana kan mai tilastawa. Idan haka shari'a ta tsare babba, ina ga yaron da alƙalami bai ma hau kansa ba?

Ƙasashen duniya sun iso nan bayan ƙarnoni. A 1924 aka fitar da sanarwar haƙƙin yara a Janeba. Ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda sashenta na 34 ya wajabta wa hukumomi kare su daga lalata da karuwanci. Nijar ta shiga cikinta a 1990, shekarar da Afirka ta kafa tata a Adis Ababa. A 2003 dokar ƙasarmu ta mayar da bauta laifi, a 2010 aka yi ta hana fataucin mutane.

Sai dai doka a takarda ba ta ceton kowa sai an kai mata ƙara. Ku tuna Hadijatu Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Ƙwanni ga wani mai mata huɗu, da sunan wahaya, babu sadaki babu ɗaurin aure. Shekara tara tana hannunsa, jama'a na gani. Da ta samu taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara, kotun CEDEAO ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa hukuma ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Ya ku iyaye da malamai, yau idan aka keta mutuncin yarinya mai talla ko almajiri, sai dattawa su taru a zaure, a ce a rufa asiri. Yaro ya kwashi kunya, azzalumi ya koma kasuwa. Wannan juya hukuncin Umar ne. Imamu Nawawi ya bayyana cewa suturta musulmi ba ta shafi wanda aka sani da cutarwa da ɓarna ba. Irin wannan ana kai maganarsa ga hukuma.

Saboda haka, idan yaro ya faɗa muku, ku saurare shi ba tare da tsawa ba. Ku kai shi likita da gaggawa, ku sanar da jandarma ko ƴan sanda, kada ku karɓi kuɗin sulhu. Sunan yaron shi ne abin suturtawa, kada a yaɗa shi a waya ko a majalisa.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum.