Makonnin da ɗakunan gaggawa suka yi tsit a 2020 🧵

1/ In aka ce korona, hoton da ke zuwa mana shi ne asibiti cike maƙil. Haka ne, a sashen masu korona. Amma ɗakunan gaggawa na Amurka, a farkon annobar, wayam suka zama. Ku biyo ni.

2/ Ranar 13 ga Maris 2020 Trump ya ayyana dokar ta-ɓaci. Hukumar CDC tana tattara alƙaluman ɗakunan gaggawa mako-mako, sai ta ɗauki 29 ga Maris zuwa 25 ga Afrilu ta gwada da daidai lokacin a 2019.

3/ A 2019, kusan mutum miliyan 2.1 ke zuwa duk mako. A 2020 suka koma miliyan 1.2. Ragin kashi 42 cikin 100 kenan fa. Na yara 'yan ƙasa da shekara 14 ya fi faɗuwa, sama da kashi 70.

4/ Wani ɓangaren ba abin mamaki ba ne. An rufe makarantu, ba ƙwallo, motoci sun ragu a titi. Karaya da targaɗe dole su ragu. Mai ɗan zazzaɓi kuma ya haƙura, ko ya kira likita a waya.

5/ To ga inda gizo ke saƙar. A makonni 10 da suka biyo bayan dokar, masu zuwa da bugun zuciya sun ragu da kashi 23, masu shanyewar ɓarin jiki kashi 20, masu hawan suga mai tsanani kashi 10.

6/ Zuciya ta san da dokar kulle ne? Ina! Mutum ƙirjinsa na ciwo, hannu ya fara sanyi, amma yana tsoron ya je asibiti ya kwaso korona. Wani ma gani yake kar ya ƙara wa likitoci aiki. Alhali shanyewar jiki da agogo take tafiya: maganin da ke narkar da gudan jinin, awa huɗu da rabi kacal gare shi. Ka kwana kana jira ka ga safiya, an wuce wurin.

7/ A ganina "ku zauna a gida" ya shiga kunne fiye da yadda hukumomi suka so. A Ingila ma, inda zuwan ya faɗi da kashi 57 a Afrilu, sai da NHS ta fito tana roƙon marasa lafiya su dawo.

8/ 'Yan Kano, kun tuna Afrilun nan. Asibitocin kuɗi da yawa sun rufe, masu hawan jini da suga suka rasa inda za su. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 aka lissafa sun rasu, kashi 50 zuwa 60 mai yiwuwa korona ce sila. Allah Ya jiƙansu.

9/ A Amurka mutane sun fara dawowa a hankali. Amma ko a makon ƙarshe na Mayu, zuwan bai kai na 2019 ba, da saura kashi 26.