Shin kiɗa na taimaka wa masu doguwar suma?

A wasu asibitocin Turai da Amurka, akan sanya wa mutanen da suka sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa kiɗa ko waƙa a sashen kulawa ta musamman, da fatan sautin zai kai inda magana ta kasa kaiwa.

Galibin irin waɗannan majinyata haɗarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ko tsayawar zuciya ne ke jefa su cikin doguwar suma.

Likitoci na auna zurfin sumar ne da ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a Jami'ar Glasgow a 1974. Makinsa daga 3 ne zuwa 15, kuma wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka, rauninsa mai tsanani ne.

Yadda ake yi

Ba wai a kunna rediyo a bar shi ba ne. Ƙwararren kan tambayi dangi waƙar da majinyacin ya fi so, sa'annan ya rera ko ya kaɗa ta a hankali na ɗan lokaci, yana daidaita ta da numfashinsa.

Yakan lura da bugun zuciya, da motsin ido ko yatsa. A wani asibiti da ke Putney a London, Wendy Magee da abokan aikinta sun tsara ma'aunin MATADOC domin gane ko irin wannan motsi alamar sani ce.

Hakan na da muhimmanci, domin binciken Adrian Owen na 2006 a Cambridge ya nuna cewa wata mata da ake zaton ba ta san komai ba tana fahimtar umarni.

Me bincike ya nuna?

A 2015, masana a birnin Lyon na Faransa sun gano cewa ƙwaƙwalwar wasu majinyata ta fi amsawa idan aka kira sunansu bayan sun saurari waƙar da suke so. Sai dai mutane ƙalilan ne aka gwada.

Babban gwajin da aka buga a Amurka a 2013, kan mutane 373 da ke kan na'urar taimaka wa numfashi, ya nuna raguwar fargaba da shan maganin sa barci. Amma su a farke suke, da kansu suke zaɓen waƙar.

Don haka babu tabbacin cewa kiɗa na farkar da mai suma, duk da labaran da jaridu ke son bugawa.

Akwai kuma haɗari. A kwanakin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke kumbure, yawan ƙara na iya tayar da hankalin majinyaci, shi ya sa sai da izinin likita.

Ga waɗanda ba sa sauraren kiɗa, akan yi amfani da muryoyin 'yan uwa. A Iran da Malesiya kuwa an gudanar da gwaje-gwaje kan sauraren karatun Alƙur'ani a irin waɗannan sassa.