Tatsuniya a Finafinan Zane Mai Motsi

Tun farkon sana'ar fim ɗin zane mai motsi, wanda jama'a suka fi sani da katun, tatsuniya ce rumbun da masu wannan aiki suka fi ɗiban labari daga ciki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tatsuniya sananniya ce, mai kallo ya san kanta tun kafin ya shiga sinima. Ba ta da mai ita, balle a biya kuɗin haƙƙin mallaka. Sannan abubuwan al'ajabin da ke cikinta, kamar kabewa ta rikiɗe ta zama keken doki ko kwaɗo ya buɗe baki ya yi magana, sun fi ƙarfin kyamarar wancan zamani, amma ba su fi ƙarfin alƙalamin mai zane ba.

Sai dai tatsuniyoyin da suka isa sinima ba daga bakin kakanni aka ɗauko su kai tsaye ba. Sai da suka bi ta hannun marubuta. A shekarar 1697 Charles Perrault ya buga tarin labaransa a Faransa, ciki har da na Cinderella da na gimbiyar da ta yi barcin shekara ɗari. Daga 1704 Antoine Galland ya fara buga fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya cikin Faransanci, kuma labarin Aladdin da fitilarsa ba ya cikin rubutun Larabcin da ya yi aiki da shi; wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab ne ya ba shi labarin a Paris a 1709. A Jamus, 'yan'uwa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da littafinsu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. Ana yawan ɗora wa kamfanin Disney laifin rage wa tatsuniya ɗaci, alhali aikin ya girme shi. A bugun farko na 'yan'uwan Grimm, uwar da ta haifi Snow White ce ke neman kashe ta. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, domin littafin ya shiga gidaje ba tare da ya tayar wa iyaye mata hankali ba.

Fim ɗin zane mafi tsufa mai cikakken tsawo da har yanzu ake da shi, daga Dare Dubu da Ɗaya aka ciro shi. Wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta shafe kusan shekara uku tana yanka kwali da almakashi, tana haɗa gaɓoɓin mutanen da waya, tana shimfiɗa su a kan gilashi mai haske daga ƙasa, ta ɗan matsa hannu ko ƙafa ta ɗauki hoto, ta sake matsawa ta sake ɗauka. A 1926 aka nuna fim ɗinta na Yarima Ahmad da dokinsa mai tashi sama, wanda duk mutanen cikinsa inuwa ce baƙa.

A Amurka kuwa, Walt Disney ya fara ne a 1922 a birnin Kansas da wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Laugh-O-Gram, inda ya yi gajerun finafinai daga tatsuniyoyin Turai. Kamfanin ya karye a 1923. Bayan ya koma Hollywood ya kafu, sai ya ɗauko aikin da 'yan sana'ar suka riƙa kira wautar Disney, wato fim ɗin zane na fiye da awa guda. An fara nuna Snow White and the Seven Dwarfs a Los Angeles ranar 21 ga Disamba, 1937. Ya ci kusan dala miliyan 1.5, ya kuma kawo kusan miliyan 8 a zagayen farko.

A wannan fim ne aka kafa tsarin da aka bi shekaru da dama, don haka ya kamata a duba abin da aka yi wa labarin. A littafin Grimm yarinyar 'yar shekara bakwai ce lokacin da aka kore ta daji; fim ya mayar da ita budurwa. Sarauniya ta yi yunƙurin kashe ta sau uku, da igiyar ɗaure riga, da mataji mai guba, da tuffa; fim ya bar tuffar kaɗai. Wadanni bakwai ɗin da ke cikin sunan fim ɗin ba su da suna a littafi, fim ya raɗa wa kowanne suna ya ba shi hali nasa, kuma su ne suka ɗauki nauyin ban dariya. A littafi yarinyar ta farfaɗo ne saboda an girgiza akwatin gawarta, guntun tuffar ya fito daga maƙogwaronta. A fim sumbatar ɗan sarki ce ta tashe ta. Ƙarshen muguwar sarauniya ma ya canja: maimakon a sa mata takalman ƙarfe da aka gasa a wuta ta yi rawa har ta mutu, sai ta faɗo daga kan dutse, ba hannun kowa. An kuma cika tsakanin da waƙoƙi, domin tatsuniyar da ake gamawa cikin minti goma ba za ta cika minti tamanin ba sai an yi mata ƙari.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya shiga bashi, Cinderella ta 1950 ce ta fitar da shi. An bi rubutun Perrault mai takalmin gilashi, aka kauce wa na Grimm inda 'yan'uban yarinyar ke yanke yatsa da dunduniya don ƙafarsu ta shiga takalmi. Sleeping Beauty ta 1959 ta ci dala miliyan 6, kuɗin bai dawo yadda aka so ba, kamfanin ya yi shekara talatin bai sake taɓa tatsuniyar gimbiya ba.

Ba Amurka kaɗai ke wannan aiki ba. A Shanghai, 'yan'uwan Wan sun yi Princess Iron Fan a 1941 daga tsohon labarin Sarkin Biri, ana tsakiyar yaƙi da Japan. A Tarayyar Sobiyet an kafa Soyuzmultfilm a 1936, kuma tatsuniyoyin Rasha su ne abincinsa na yau da kullum. A can ne Lev Atamanov ya yi fim ɗin Sarauniyar Ƙanƙara a 1957 daga labarin Hans Christian Andersen, ya bar yarinyar ta tafi neman abokinta da ƙafarta kamar yadda marubucin ya tsara. Hayao Miyazaki na Japan ya sha faɗin cewa ganin wannan fim ne ya hana shi barin sana'ar lokacin yana matashi.

Komawar Disney ga tatsuniya a 1989 da The Little Mermaid ita ce ta farfaɗo da kamfanin. Labarin Andersen na 1837 mai ɗaci ne: an yanke wa 'yar ruwan harshe, kowane taku da ta yi kamar a kan wuƙa, ɗan sarkin ya auri wata, ita kuma jikinta ya narke ya zama kumfar teku. Fim ya ƙare da biki. Howard Ashman da Alan Menken suka tsara waƙoƙin yadda ake yi a wasannin dandamali na Broadway, inda waƙa ke tura labari gaba. Beauty and the Beast ta 1991 ta zama fim ɗin zane na farko da ya shiga takarar kyautar Oscar ta gwarzon fim baki ɗaya. Aladdin ta 1992 ta yi kasuwa, amma ta jawo ƙorafin Larabawan Amurka kan yadda aka siffanta su, har aka canja wasu kalmomi a waƙar buɗe fim ɗin a 1993.

Zuwa wannan lokaci wani abu ya riga ya auku wanda littafi bai taɓa yi wa tatsuniya ba. A baki, kowace mai ba da labari tana da nata zubin, tana ƙarawa tana ragewa gwargwadon yaran da ke gabanta. Littafi ya tsayar da kalmomin amma ya bar wa mai karatu siffar mutanen. Fim ya tsayar da fuska da murya da launin riga, kaset ɗin bidiyo kuma ya sa yaro ya kalli abu ɗaya sau hamsin. Ga yawancin yaran duniya, zubin Disney ya zama shi ne asali. Akwai kuma abin lura ta fuskar doka: labarin da aka ɗauka kyauta daga dukiyar kowa, zanensa da sunayen da aka ƙara masa sun zama mallakar kamfani, ana sayar da su a jikin 'yar tsana da jakar makaranta.

Shigowar kwamfuta ta zo da wani salo. Toy Story ta 1995, fim na farko mai cikakken tsawo da aka yi da kwamfuta zalla, ba ta da alaƙa da tatsuniya. Da DreamWorks ya koma gare ta a 2001 da Shrek, ya koma ne don ya yi mata ba'a: dodo ne gwarzo, mai mulkin ƙasa ne mugu, gimbiya kuma a ƙarshe ta zauna a siffar dodanniya. Barkwancin ba zai yi aiki ba sai ga wanda ya haddace tsarin Disney, wanda hakan kansa shaida ce ta yadda tsarin ya ratsa mutane. Shrek ce ta fara cin kyautar Oscar da aka ware wa finafinan zane. Disney ya amsa da gyaran nasa tsarin. The Princess and the Frog ta 2009 ta kai labarin birnin New Orleans da jaruma baƙar fata mai burin buɗe gidan abinci. Frozen ta 2013 ta faro ne daga Sarauniyar Ƙanƙara, amma kusan ba abin da ya rage na Andersen. Yariman da ya zo da daɗin baki shi ne maci amana, ƙaunar da ta karya sihiri kuwa ta ya da ƙanwa ce. Ta tara fiye da dala biliyan 1.2.

A 'yan shekarun nan ƙasashe da dama sun juya ga nasu labaran. Isao Takahata ya yi fim ɗin Gimbiya Kaguya a 2013 daga labarin Japan da ya haura shekara dubu, na jaririyar da aka tsinta cikin gora, bai kuma sassauta ƙarshensa mai baƙin ciki ba. Cartoon Saloon na ƙasar Ailan ya yi Song of the Sea a 2014. A Sin, Ne Zha 2 ta 2025, wadda tushenta wani littafin almara ne na ƙarni na 16, ta haura dala biliyan 2, abin da ba wani fim ɗin zane da ya taɓa samu kafin ita.

A Afirka ta Yamma, sunan da ke kan gaba shi ne Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya ƙaro sani a Kanada wurin Norman McLaren, ya kuma zauna a Tawa. A Bon Voyage Sim ta 1966 ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa sababbin shugabannin Afirka shaguɓe, dabarar da masu tatsuniya suka daɗe da sani ta sa dabba ta faɗi abin da mutum ke tsoron faɗa. Samba le Grand ta 1977 da 'yan tsana ya yi ta, Kokoa kuma gasar kokawar gargajiya ce tsakanin dabbobi. Kirikou et la Sorcière ta 1998, ta Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, daga tatsuniyar yankin ta samo yaron da ya yi magana tun yana cikin uwarsa. Youssou N'Dour ya yi kiɗan. A fim ɗin ba a kashe mayyar da ke cikin labarin ba; yaron ya gano ƙaya ce aka soka mata a baya, ya cire.

A ƙasar Hausa aron tatsuniyar waje ya riga fim zuwa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937, ta ɗauko labarai daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya ta mayar da su na gida, da sarakuna da fadawa da kasuwanni irin na Hausawa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kuwa an tara su a rubuce tun littattafan Frank Edgar na 1911 zuwa 1913. Yawancin katun ɗin tatsuniya da ake samu da Hausa a yau gajeru ne da ake ɗorawa a YouTube, kuma kaso mai yawa daga cikinsu labaran Turai ne da aka zana a wata ƙasa aka ɗora musu muryar Hausa.