Tarihin gashin jiki gaba ɗaya da darasin da ke cikinsa ga malaman lissafi

Mai tsire ya san cewa naman da ke kusa da wuta shi ke ƙonewa, na nesa ya zauna ɗanye, shi ya sa yake juya tsinke. Wannan matsalar ce likitoci suka daɗe suna fama da ita wajen gasa majinyacin sankarar jini, wanda ake so hasken magani ya ratsa shi daga kai har ƙafa daidai wa daida.

A 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ba a jima ba wani Bajamushen, Friedrich Dessauer, ya kawo shawarar a kewaye majinyaci da fitilun wannan haske. A farkon shekarun 1930 likita Arthur Heublein ya shirya ɗaki a asibitin Memorial na birnin New York, inda majinyaci ke kwanaki, fitilar tana can nesa da gadonsa.

Dalilin nisan lissafi ne da muke koyarwa a aji. In an ninka nisa sau biyu, ƙarfin haske na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin mita 1 da mita 1.3 ƙarfin na raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, amma tsakanin mita 4 da mita 4.3 raguwar ba ta kai kashi 15 ba. Saboda haka ake ajiye majinyaci nesa da injin.

Aikin ya ƙara nauyi bayan 1957, lokacin da Donnall Thomas na Amurka ya fara bayyana gwajin dashen ɓargo, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1990. Kafin dashe ana kashe ɓargon da ya lalace. In hasken ya gaza a wani wuri cutar ta dawo, in ya yi yawa huhu ya kumbura, kuma wannan ya ci rayuka da dama a shekarun 1970. Daga nan aka koma raba gashin, galibi sau shida cikin kwana uku, ana kare huhu da dalma, ana juya majinyaci gaba da baya. Wasu asibitoci har jakunkunan shinkafa suke jerawa a wuya da ƙafafu domin kaurin jiki ya zo ɗaya. Abin da ake nema shi ne kada bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100.

Mu a Nijar tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma sai a 2021 aka buɗe sashen gashin masu sankara na farko, a Yamai. Mutumin Tsibiri ko Jiratawa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ya isa. Sayen inji kuma rabin aiki ne, domin dole a samu mai auna haskensa kullum, kuma kuskurensa a jikin mutum yake sauka.

Ina roƙon ƴan'uwana malamai, in mun zo darasin murabba'in lamba, mu gaya wa yara inda ake aiki da shi. Iyaye kuma su bar yaro ko yarinyar da ke son lissafi su yi nisa da shi. Ranar da Maraɗi za ta samu nata injin, zai yi kyau a ce ƴaƴanmu ne ke auna shi.