Ƙofar Fita: Yadda Magoya Bayan Arsenal Ke Hukunta Tsofaffin Kociyoyi da 'Yan Wasansu

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi yadda magoya bayan Arsenal ke ɗaukar kociyoyi da 'yan wasan da suka bar kulob ɗin, musamman daga shekarar 2001 zuwa 2023. An dogara da abin da ya faru a bainar jama'a, wato ihu da tafi a fili, da ƙyallayen da aka ɗaga, da mutum-mutumin da aka kafa. Nazarin ya nuna cewa yawan kofuna bai cika yanke hukunci ba. Ƙofar da mutum ya bi ya fita, da gidan da ya shiga, da halin da kulob ya faɗa a bayansa, su ne ke rinjaye.

Koci tsakanin jirage biyu

Ranar 18 ga Maris 2017 Arsenal ta je baƙunci West Brom, ta sha kashi da ci 3 da 1. Abin da aka fi tunawa da shi a ranar a sama ya faru. Ƙaramin jirgi ya ratsa saman filin yana jan ƙyalle mai cewa kada a sabunta kwantiragin Arsène Wenger. Ba a jima ba wani ya biyo baya da nasa ƙyallen, yana cewa a girmama shi. Magoya bayan kulob ɗaya ne suka biya kuɗin jiragen biyu.

Wanda ake wa wannan ja-in-ja shi ne kocin da ya zo daga Japan a 1996, ya ci gasar Firimiya sau 3 da kofin FA sau 7, ya kuma kammala kakar 2003/04 ba a doke shi ko sau ɗaya a gasar ba. Amma tun bayan ƙaura zuwa filin Emirates a 2006 aka shiga tsuke bakin aljihu, taurari suka riƙa tafiya, Manchester United ta zuba musu 8 da 2 a 2011, Bayern Munich ta yi musu 10 da 2 gida da waje a 2017.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya bayyana a littafinsa na 1970 cewa wanda bai gamsu da wata ƙungiya ba, ko dai ya fice ko ya ɗaga murya. Mai sayen sabulu yana iya sauya shago. Ɗan Arsenal kuwa ba ya wayar gari ya koma abokiyar hamayyarsu Tottenham, don haka murya kaɗai ta rage masa, kuma a kan koci take sauka.

Wenger ya tafi a watan Mayun 2018 bayan wasanni 1,235. Daga nan hukunci ya fara sauyawa ba tare da shi ya ƙara komai ba. An kori magajinsa Unai Emery a Nuwamban 2019, kulob ya ƙare a mataki na 8 a 2020 da 2021. Shiga huɗun farko, wanda aka sha yi wa Wenger ba'a a kansa, ya koma abin nema ruwa a jallo, sai aka tuna cewa ya kai kulob Gasar Zakarun Turai kaka 19 a jere. Da ya koma Emirates kallon wasa a karon farko, ranar 26 ga Disamba 2022, fili ya ɗauka da kiran sunansa. A Yulin 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a wajen filin.

Inda aka dosa

Thierry Henry da Robin van Persie dukansu kyaftin ne, dukansu sun tafi neman kofin da Arsenal ta kasa ba su, kuma sun samu. Henry ya tafi Barcelona a 2007, kulob ɗin da ya doke Arsenal a wasan ƙarshe na Zakarun Turai shekara guda kafin nan. Duk da haka an kafa mutum-mutuminsa a 2011, kuma da ya dawo aro a Janairun 2012 ya zura wa Leeds ƙwallo, an yi ta murna, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Van Persie ya ci ƙwallo 30 a Firimiya a kakar 2011/12, sannan ya fitar da sanarwa cewa bai yarda da alƙiblar kulob ba. A watan Agusta ya koma Manchester United kan fam miliyan 24. A Afrilun 2013 'yan wasan Arsenal suka yi layi biyu a filinsu suna tafa masa tare da sababbin abokansa a matsayin zakarun Ingila, magoya baya na ihu. Ya kuma zura wa Arsenal ƙwallo da bugun fenareti a wannan rana. Henry ya tsallaka teku, ba a cika ganinsa ba sai a talabijin. Shi kuwa van Persie kamar matar da aka rabu da ita ce ta auri maƙwabci, kullum sai an haɗu a ƙofar gida.

Haka aka yi wa Ashley Cole, ɗan gida da kulob ya raina tun yana yaro. Ya koma Chelsea a 2006 bayan taƙaddama kan albashi, magoya baya suka riƙa kaɗa masa takardun kuɗi na bogi. Emmanuel Adebayor na Togo, wanda shi ma ya bar Arsenal ya koma Manchester City, ya ƙara gishiri da kansa a Satumban 2009: ya ci wa City ƙwallo a ragar Arsenal, ya sheƙa da gudu tun daga wancan ƙarshen fili ya zube gwiwa bibbiyu a gaban 'yan Arsenal.

Sai dai wannan ma'auni ba ya da alaƙa da adalci. Sol Campbell, kyaftin ɗin Tottenham, ya koma Arsenal kyauta a 2001, abin da ya zarce na van Persie ciwo. A can har yau maci amana ake kiransa, a Arsenal kuwa gwarzo ne.

Nwankwo Kanu ya tsira daga duk wannan. Zuwansa a 1999, da ƙwallaye uku da ya ci Chelsea a mintoci 15 na ƙarshe a watan Oktoban shekarar bayan an ci Arsenal biyu, sun jawo wa kulob ɗin ɗimbin masoya a Najeriya. Ya tafi West Brom a 2004 ba hayaniya, kuma da wuya a ji ɗan Arsenal ya aibata shi, a Landan ko a gidajen kallon ƙwallo na Kano.

Gyara tun kafin tafiya

Granit Xhaka ya nuna cewa ana iya sauya hukunci tun mutum na cikin gida. A Oktoban 2019, a wasa da Crystal Palace, aka canja shi, magoya bayan kulob ɗinsa suka bi shi da ihu. Ya kama kunne yana tsokanarsu, ya zage su, ya tuɓe riga ya shige ciki. Emery ya karɓe kambin kyaftin daga hannunsa, kowa ya ɗauka zamansa ya ƙare. Mikel Arteta, wanda ya karɓi kulob a Disamba, ya lallashe shi ya zauna, daga baya ya matsar da shi gaba a tsakiyar fili. A wasansa na ƙarshe, a Mayun 2023, ya ci Wolves ƙwallo biyu, filin da ya yi masa ihu ya miƙe yana tafi yana roƙon kada ya tafi. Ya koma Bayer Leverkusen ta Jamus, inda a kakarsa ta farko suka ɗauki kofin gasar ƙasar ba tare da an doke su ba.